Gwanin da Ke Auna Ma'auni

A filayen harbin dogon zango na Amurka, inda ake kafa faifan ƙarfe a nisan yadi 1,000, maharbin da bai san gudun harsashinsa ba ɓarnar albarushi kawai yake yi. Harsashin .308 mai nauyi yakan bar bakin bindiga da gudun wajen ƙafa 2,600 a sakan. In aka kuskure wannan adadi da kashi 1 cikin 100, a can ƙarshen fili zai sauka sama ko ƙasa da kusan inci 10. Shi ya sa da wuya ka ga mai shiga gasa ba tare da na'urar auna gudun harsashi ba.

A watan Oktoba na 2023 kamfanin Garmin ya fitar da Xero C1 Pro, 'yar radar da ba ta wuce tafin hannu ba, a kan dala 600. Ajiye ta kawai ake yi kusa da bindiga a yi harbi. Nan da nan ta mamaye filaye. A 2025 sai Athlon ya zo da tasa, Rangecraft Velocity Pro, a kan wajen dala 400, aka shiga gardamar ko mai arha za ta iya ja da ta Garmin.

Masu gardama sun yi yawa. Wanda ke burge ni shi ne mutumin da ya iya gwajin. Ɗan koyo zai harba 10 a gaban wannan, ya sake harba 10 a gaban waccan, ya ce ya kwatanta. Bai kwatanta komai ba, domin ko daga kwali ɗaya suka fito, harsasai ba sa gudu daidai da juna. Gwani yakan jera na'urorin biyu gefe da gefe, su karanta harsashi guda a lokaci guda, ya tabbatar siginar ɗaya ba ta rikita ɗayar, sannan ya yi harbi 30 ko fiye. A littafinsa layi uku ne: abin da ta farko ta ce, abin da ta biyu ta ce, da bambancin da ke tsakani.

Layi na ukun nan shi yake zuba wa ido. In kullum mai arha tana gaza ta Garmin da ƙafa 5 a sakan, ko a jikinsa, don kuskuren da ba ya canzawa ana gyara shi a lissafi. Amma in yanzu ta haura da 12, anjima ta gaza da 9, to na'urar tana zuba nata rikicin a cikin sakamako. Masu ɗura harsashinsu da kansu sukan kwana suna auna albarushi ƙwaya-ƙwaya don gudun ya zo kusa da juna. Na'ura mai rawar kai tana iya sa mutum ya zubar da haɗi mai kyau, alhali laifin ba na haɗin ba ne.

Daga nan sai gwani ya matsa wa na'urorin. Zai gwada ƙaramin harsashin .22 da bindiga mai abin rage ƙara, ya ƙirga sau nawa kowace ta yi shiru ba ta karanta ba. Zai kuma zauna kusa da wani maharbi, ya ga wacce za ta ɗauki harbin maƙwabci ta rubuta a nasa.

Saura tambaya mai wuya: in sun saɓa, wa ke da gaskiya? Mudu biyu in suka saɓa, ba ka raba gardama da ɗaya daga cikinsu, kuma tsada ba hujja ba ce. Wasu sukan ɗauko tsohuwar Oehler 35P ta Texas, mai idanu uku, wadda ke auna kowane harbi sau biyu don ta kama kanta in ta yi kuskure. Ita ma sai da lura. Na'urori irinta masu aiki da haske suna ƙirga lokacin da inuwar harsashi ta ɗauka daga ido zuwa ido, don haka gajimare da karkatar rana na taɓa su. In tazarar idanun ƙafa 1 ce aka kauce da kashi 1 cikin 8 na inci, an riga an tafka kuskuren kashi 1 cikin 100. Ga shi ana kafa su ƙafa 10 zuwa 15 gaba da bakin bindiga, inda harsashi ya ɗan rage gudu, sai gwani ya mayar da abin da ya ragu kafin ya kwatanta.

Hukuncin ƙarshe a wurin faifan ƙarfe yake. Ya saka adadin kowace na'ura a manhajar lissafi, ya saita madubin bindiga, ya harba yadi 800 ko 1,000 da sassafe kafin iska ta tashi, ya je ya auna inda harsasan suka taru.