Minti Uku Kacal: Darasin Kyamarar Super 8

Mai karatu, ka lura da yadda 'yan wasanmu ke kwashe minti goma a falo suna nanata zance ɗaya? Arhar bidiyo ce ta jawo. Tun daga Turmin Danya a 1990 daraktocinmu suka saba da a yi ta ɗauka kawai, ai kaset ba tsada.

Da matasan Yankwashi da Kazaure masu sha'awar fim za su jarraba Super 8, wadda kamfanin Kodak ya fitar a 1965, da sun ji a jikinsu. Kwanso ɗaya ƙafa 50 ne, minti uku da 'yan daƙiƙu, ba ya goguwa, ba ya kama murya, ga kuɗin wanki. Dole ka rubuta labarinka tsaf, a yi ta gwaji kafin ka danna. Murya kuwa, ɗauke ta daban da wayarka. Ka fita duwatsun Roni da hantsi, hasken kyauta ne, amma fa ka kare fim ɗin daga zafi da ƙurar hunturu.

Kada wani ya raina ƙaramar kyamara. Da 16mm Oumarou Ganda na Nijar ya ɗauki Cabascabo, har aka nuna shi a Cannes ta Faransa a 1969.