Batir Yana Mutuwa Mota a Ajiye: Kafin Ka Sayi Sabo, Nemi Ɓarawon

Idan kana da tsohuwar mota, ka san zancen: ta kwana biyu ko uku a ajiye, ka murɗa makulli, shiru. Ka je gareji, amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai batir ne, a sa sabo." Wannan amsar muke son mu yi wa tankaɗe da rairaya, domin sau da yawa batirin ba shi da laifi. Wani abu ne ke zuƙe masa wuta bayan an kashe injin.

Bari mu yi lissafi. Ɗauki batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 60Ah, wato kusan amfiya 1 na tsawon awa 60. Agogo da ma'ajiyar rediyo da kwamfutar mota suna ɗan jan wuta ko an kashe ta, kuma ƙasa da miliamfiya 50 ba abin damuwa ba ne. To amma ƙaramin ƙwan fitilar but mai wat 5, idan ya ƙi mutuwa bayan an rufe murfi, yana jan kusan amfiya 0.4. A kwana ɗaya ya sha kimanin 10Ah, a kwana uku ya tafi da rabin batirin. Sa sabo, haka zai yi masa. Kuma irin wannan batirin ba ya son zama ba caji: gishirin salfet yana daskarewa a jikin farantansa na dalma, ƙarfinsa ya ragu har abada. Ka ga an biya kuɗi, ɓarawo na nan.

Gwaji na biyu da aka saba shi ne a cire kan batir a goga, in an ga tartsatsi a ce wuta na zurara. Tartsatsi ba ma'auni ba ne. Lafiyayyar mota ma tana yin sa, saboda na'urorinta na fizgar wuta a daidai lokacin da aka haɗa. Ido ba zai bambance maka miliamfiya 30 da 400 ba, kuma nan ne duk maganar take.

Na uku ya fi haɗari: cire kan batir injin na aiki, wai a ga ko altaneta na caji. Batir ne ke tare hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. Ka cire shi, wutar na iya tsalle ta ƙone kwamfutar motar. Mita tana ba da amsar ba tare da kasada ba: kusan bolt 12.6 a cikakken batir da ya huta, 13.8 zuwa 14.4 idan injin na aiki.

To me ya kamata a yi? A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A saita mita a kan 10A, a cire wayar da ke kan alamar ragi ta batir, a sa mitar tsakaninta da kan batirin. Kada a tayar da injin a haka, fis ɗin mitar zai ƙone. A jira lambar ta tsaya, don wasu motocin sai sun yi kamar rabin awa kafin na'urorinsu su kwanta. Idan ta wuce miliamfiya 50 sosai, sai a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya. Wanda aka zare lamba ta faɗi, layinsa ne ke da matsala.

Wannan hanyar ita ce daidai, amma masu yabonta sukan manta da gurbinta. Ba kowane abu ke bi ta akwatin fis ba. Idan diyod ya lalace a cikin altaneta, wuta na iya komawa ta cikinsa injin a kashe, ka zare fis duka lamba ba ta motsa ba. Sai an cire wayoyin altanetan sannan a gani. Haka rediyo, ƙararrawar ɓarayi ko na'urar bin sawu da aka jona kai tsaye a batir bayan an sayi motar. A motar da ta bi hannu da yawa, nan ya kamata a fara dubawa. Ko ƙura da danshi a saman batir suna iya zama hanyar zurarar wuta, don haka a goge shi.

Cire kan batir kullum da daddare yana tayar da mota da safe, amma bai gyara komai ba. In wayar da ta goge ce ke taɓa ƙarfe, tana iya jawo gobara. Saboda haka, kafin ka ciro kuɗin sabon batir, tambayi mai gyara abu ɗaya: miliamfiya nawa motar ke ja a kashe? Idan bai auna ba, bai san ciwon ba tukuna.