Gwanin da ke dasa wa gida ido da kunne

Mai kafa na'urorin ƙararrawar tsaro marasa waya, idan ya san aikinsa, ba ya fara buɗe jakar kayan aiki. Gidan yake zagayawa tukuna. Ya duba tagar da rana ke bugawa da hantsi da wadda take bugawa da la'asar, ya ƙwanƙwasa bango ya ji bulo ne ko kankare mai rodi, sannan ya tambayi maigida: "Alhaji, akwai kyanwa a gidan nan? Wa ke fara fita da asuba, kuma ta wace ƙofa?" Wani sai ya ɗauka ɓata lokaci ne, tunda ai manna kayan kawai za a yi. Alhali a wannan zagayen ake gama rabin aikin.

Ɗauki na'urar bakin ƙofa. Gida biyu ce: mayen ƙarfe a jikin murfin ƙofa, ɗan makunni a jikin dogaran ƙofar. Makunnin wasu siraran ƙarafa biyu ne a cikin bututun gilashi, dabarar da Walter Ellwood ya ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1936. Muddin mayen ƙarfen yana kusa, ƙarafan na manne. Ana buɗe ƙofa sai su rabu, saƙo ya tafi. Tazarar da ke tsakanin mayen da makunnin bai kamata ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba. To amma gidajenmu da shagunanmu yawanci ƙofar ƙarfe gare su, ƙarfe kuwa yana shanye ƙarfin mayen. Gwani ya san haka, sai ya sa 'yar roba a ƙasan kowanne don ɗaga shi daga jikin ƙarfen, ya kuma kafa su a sama, nesa da ɓangaren hinji, yadda ko tsaga kaɗan aka yi za ta ji.

Inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne na'urar jin motsi. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta fitar da haske. Ɗumin jikin mutum take ji. Farar robar da ke fuskarta tana yanka ɗakin zuwa sirara-siraran layuka kamar buɗaɗɗun yatsun hannu, kuma sai abu mai ɗumi ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan take farkawa. Saboda haka wanda ya gitta ta gabanta ya fi saurin kamuwa a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Shi ya sa gwani ba ya kafa ta tana kallon ƙofa. Kusurwar ɗaki yake nema, a tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, inda dole mai shigowa ya ratsa layukan. Yana kawar da ita daga taga, da murhu, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da labulen da rana ta gasa fanka na kaɗawa. Har kan doguwar kwaba yake dubawa, domin kyanwar da ta hau can ta matso kusa da na'urar za ta iya tayar da jiniya.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ta ƙara. A watan Afrilu zafi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan haura digiri 40. Idan bango ya yi ɗumi kusan daidai da fatar mutum, bambancin da na'urar ke nema ya ragu, jinta ya yi rauni. Mai lura yakan zaɓi irin da ke gyara jinta gwargwadon zafin ɗaki, ko wadda aka haɗa mata hanyar gano motsi ta biyu.

Sai maganar saƙo. Na'urorin suna magana da uwar na'ura ta igiyar rediyo, galibi a kan megahaz 433 ko 868. Katako ba ya tare ta sosai, amma rodi da kwanon rufi da firji suna cinye ta. Don haka kafin ya huda bango ko sau ɗaya, sai ya riƙe kowace na'ura a inda yake so ta zauna, ya duba ƙarfin saƙonta. Uwar kuma yana ɓoye ta a tsakiyar gida, nesa da ƙofar shiga, da batirin ko-ta-kwana saboda ɗauke wuta, da layin wayar da zai kira maigida.

Kowace na'ura sai ya yi mata rajista ya raɗa mata suna: ƙofar baya, falo, sito. Ya ba ƙofar shiga jinkirin kamar daƙiƙa 30 don mai gida ya samu danna lambobin sirri. Daga nan ya bi ɗaki-ɗaki yana tafiya, yana sanɗa, yana buɗe kowace taga, yana sauraron amsar uwar.

Duk wannan ƙwaƙƙwafi dalilinsa ɗaya. Jiniyar da ta tashi mutane sau biyu ko uku cikin dare a kan labule, a mako na gaba kashe ta za a yi, kuɗin kuma sun tafi a banza. Idan za ka sa a kafa maka, kada ka sallami mai aikin sai kun zagaya tare ya gwada kowace na'ura a gabanka, ya kuma nuna maka yadda ake canza batirinta.