Ayabar Think Python da haruffanmu masu lanƙwasa

Idan kana shirin jarrabawar farko ta rubuta manhaja, da wuya a ce ba ka ci karo da babi na 8 na littafin Think Python na Allen Downey ba, a bugu na biyu. Kyauta ake samun sa a intanet, shi ya sa ɗalibai ke rububinsa. Babin yana magana ne kan jerin haruffa, wato abin da ake kira string, da yadda ake bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na sake karanta shi a 'yan kwanakin nan yayin da nake taya wasu ƙanne bita, kuma ina da yabo da kuma ƙorafi.

Bari mu fara da yabon. Marubucin ya ɗauki kalma guda, banana, ya nuna maka cewa kwamfuta daga sifili take fara ƙirga gurbi. Haruffan shida ne, amma gurbinsu daga 0 zuwa 5 yake. Ka nemi gurbi na 6, Python ta tsaya ta ce ka wuce iyaka. Wannan kuskuren na tsallake gurbi ɗaya yana cinye makin ɗalibai ba kaɗan ba. A ƙarshen babin kuma an ba ka wani ɗan shiri mai kurakurai biyu, an gyara ɗaya a gabanka, an bar maka ɗayan ka nemo da kanka. Wannan koyarwa ce ta gaske, domin a ɗakin jarrabawa daga kai sai biro da takarda.

To, ina matsalar take? Ita kanta ayabar. Duba da kyau: gurbi na 1, na 3 da na 5 duk harafin a ne. Idan lissafinka ya kauce da gurbi biyu, amsar da za ta fito tana iya zama daidai, kai kuma ka tafi da murna alhali shirinka a karkace yake. Kalmar gwaji mai maimaita haruffa tana rufa wa kuskure asiri.

Matsala ta biyu ta fi girma. Misalan babin duk na Ingilishi ne, haruffan da tsarin ASCII mai alamomi 128 ya wadatar da su. Don haka ɗalibi zai tashi da tunanin cewa harafi ɗaya alama ɗaya ce a kowane lokaci. Gwada da Hausa ka gani. Ka ba Python kalmar tsuntsu, za ta ce maka bakwai ne, alhali a ƙa'idar rubutunmu ts harafi ɗaya ne, biyar ke nan. Ka ce ta juya kalmar, sai ta raba t da s ta ba ka ustnust. Ka jera kalmomi, sai ƙasa ta koma bayan zuma, saboda lambar ƙ a tsarin Unicode 409 ce, ta z kuwa 122. Idan kuma a yaren C ake muku jarrabawa, umarnin strlen zai ce kasa huɗu ce, ƙasa biyar, domin a tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu yake ci. Ka tambayi Python ko 'ya'ya haruffa ce zalla, ta ce a'a saboda alamar da ke gaban y. Ka rubuta ƴaƴa kamar yadda ake yi a Nijar, ta ce e.

Kada ka ɗauka wannan wasa ne. Irin wannan sakacin ne ke sa sunan mutum mai ɗ ko ɓ ya fito da alamar tambaya a rajista, ko a neme shi a rasa.

Ban ce ka ajiye littafin ba, ka karanta shi. Amma duk aikin da ka yi da banana, ka sake yin sa da kalmar da babu harafin da ya maimaitu a cikinta, kamar gishe ko ɗaki. Ka zana gurabe a takarda, ka rubuta amsar da kake tsammani kafin ka danna komai. Sannan ka gwada jerin da babu komai a ciki, da mai harafi ɗaya tak, da tsuntsu. Duk inda hasashenka ya saɓa da amsar kwamfuta, nan ne ya kamata ka zauna kafin ranar jarrabawa.