Mutum Goma Sha Biyu da Yaro Guda

Ya kai mai karatu, in aka ce ka yanke wa ɗan wani hukunci, minti nawa za ka ba shi? Wannan ita ce tambayar wani silima na ƙasar Rasha mai suna "12". Nikita Mikalkof ne ya shirya shi a shekarar 2007. Ya ɗauko tushen labarin daga wani silima na Amurka na 1957.

Ga yadda abin yake. Wani yaro ɗan Ceceniya ya rasa iyayensa wurin yaƙi. Wani sojan Rasha ya riƙe shi, ya kawo shi birnin Mosko. Rannan aka iske sojan a mace, an soke shi da wuƙa. Aka ce yaron ne.

Aka zaɓo mutum 12 daga cikin jama'a, ba alƙalai ba, don su faɗi in yaron yana da laifi. Aka rufe su cikin ɗakin wasa na wata lakwal. Kowa yana gaggawar komawa ga sha'aninsa. Nan da nan 11 suka ce shi ne. Guda ya ce a'a, a dakata a yi magana tukuna.

Nan daɗin silimar yake. Akwai wani direban takisi da ya tsani baƙi. A wurinsa, asalin yaron kaɗai ya isa shaida. Amma da suka sake bin maganar shaidu, sai ta soma warwarewa. Suka gane wasu masu kuɗi ne ke son gidan da sojan ya ƙi bari.

Silimar tana da nata aibi. Ta wuce awa 2 da rabi, surutu ya yi yawa. Kuma sau da dama mutum yakan sake ra'ayi don an ba da labari mai ban tausayi, ba don hujja ba. Tausayi abu ne mai kyau, amma ba shi ne ma'aunin shari'a ba. Wanda hawaye ya juya yau, fushi yana iya juya shi gobe.

Duk da haka ƙarshenta yana da nauyi. Shugaban zaman ya ce in an saki yaron, masu kisan za su neme shi. Ya tambaya, wa zai taimaka a tsare shi? Kowa ya kawo uzuri. Suka wanke yaron, suka watse. Tsohon kaɗai ya ce zai kai shi gidansa.

To, ka gani. Ɗaga hannu a ce "ba shi da laifi" bai da wuya. Ɗaukar nauyin maraya shi ne aiki. In an kawo maka ƙarar baƙo, tambayi abin da ya yi kafin ka tambayi garinsu. In ka wanke shi kuma, kada ka bar shi a bakin ƙofa.