Jinjina ga Maƙalar CueR

Duk mai cewa rubutun kimiyya ba ya tayar da tsikar jiki, to bai karanta maƙalar da Anita Changela da abokan aikinta suka fitar a mujallar Science a 2003 ba. Daga Jami'ar Northwestern ta Amurka aikin ya fito, ƙarƙashin Thomas O'Halloran da Alfonso Mondragón, kuma wallahi 'yan shafukan nan sun fi mini tulin littattafai masu kauri armashi.

Gwarzon labarin wani furotin ne mai suna CueR, mazaunin bakteriyar E. coli, wadda kusan kowa ke ɗauke da ita a hanjinsa. Bakteriyar tana buƙatar jan ƙarfe, amma da ya ɗan wuce kima sai ya koma guba. Shi CueR yana nan maƙale a jikin DNA yana jira. Da ƙwayar jan ƙarfe ta faɗo hannunsa, sai ya kunna ƙwayoyin gado guda biyu: copA, mai samar da famfon da ke tunkuɗa ƙarfen waje, da cueO, mai juya shi zuwa sigar da ba ta kai ta farko illa ba.

To ina abin mamakin? Yana cikin ma'auni. Masu binciken sun so su san ƙanƙantar jan ƙarfen da zai iya farkar da CueR. Tsananin riƙonsa ya sa sai da suka kawo sinadarin sayanayid ya yi ja-in-ja da shi kafin awon ya yiwu. Amsar da ta fito ita ce kashi ɗaya na mola cikin 1 mai sifili 21 a bayansa. A tsaya a auna wannan! Ƙwayar zarra ɗaya tak da ke yawo sake a cikin E. coli ta kai kusan kashi ɗaya cikin biliyan na mola, wato CueR yana jin abin da ya gaza haka sau kusan tiriliyan. Ma'ana, bakteriyar nan ba ta barin jan ƙarfe ya yi yawo babu mai riƙe da shi. A 2001 Caryn Outten da O'Halloran sun nuna makamancin haka game da zinki, da sifili 15, har ana ganin an kai maƙura. Ashe da sauran rina a kaba.

Amma inda na fi kamuwa shi ne hotunan siffar furotin ɗin. Ga ƙwayar jan ƙarfe a tsakiya, ga sulfa biyu na sassan furotin ɗin da ake kira Cys112 da Cys120, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sun riƙe ta a miƙe sambal, can cikin wani lungu da furotin ya rufe ruf. Zinki ba ya zama da hannu biyu kawai, kuma cajinsa biyu ne, lungun kuwa an gina shi ne don mai caji ɗaya. Shi ke nan, an sallame shi tun daga ƙofa. Azurfa da zinariya fa? Su suna shiga, domin cajinsu ɗaya, kuma suna son irin wannan zama. Marubutan ba su ɓoye ba, sai ma suka kawo hoton kowannensu a gurbin. Wannan gaskiyar ta ƙara musu ƙima a idona.

Ƙorafina ɗaya: maƙalar ta bar ni da ƙishirwar ganin CueR riƙe da DNA. Sai a 2015 ɗakunan binciken O'Halloran da Mondragón suka biya bashin, a mujallar dai. Akwai wurare biyu a jikin DNA da injin kwafe saƙon gado yake kamawa, tazarar tubali 17 aka saba gani a tsakaninsu, amma a inda CueR yake maƙale 19 ce, don haka ba sa fuskantar gefe guda, injin ba ya iya dafa su tare. Da jan ƙarfe ya iso, sai CueR ya lanƙwasa DNA ya murɗe shi kamar yadda mai wanki ke matse zane, wuraren su dawo saiti, aiki ya kankama. Dabarar gidansu ce, haka ɗan'uwansa MerR mai jin zaiba yake yi.

Ɗalibin da zai karanta, ya fara da ta 2003, ya daɗe a kan hoton sulfa biyun nan, sannan ya wuce ta 2015.