Lux na Rosalía: Abin da Masana Suka Yaba da Abin da Masoya Suka Ɗauka

Ranar 7 ga Nuwamba, 2025, mawaƙiyar Sifaniya Rosalía ta saki kundinta na huɗu mai suna Lux, wato haske a harshen Latin. Wanda ya san ta da Motomami na 2022, kundin regeton da kiɗan na'ura, sai da ya sake duba wayarsa ko ba ita ba ce. A nan babu gangar rawa sai jefi-jefi. Makaɗan London Symphony Orchestra ne suka cika wurin da gogunansu, ga 'yan amshi, ga waƙoƙin an kasa su babi huɗu, ga harsuna 13 a bakin mace ɗaya. Jigon kuwa tarihin mata waliyyai da masu zuhudu ne na addinai daban-daban.

Masu sharhi ba su yi wata-wata ba. Jaridar Guardian ta Ingila ta ba shi taurari biyar, kuma da shekara ta ƙare ya shiga sahun gaba a jerin kundayen da manyan mujallun kiɗa suka zaɓa. Ni dai irin wannan haɗin baki yakan sa ni tsayawa. Goge da Latin da sunayen waliyyai kaya ne masu kwarjini, kuma kwarjini yakan hana mai sharhi faɗin inda abu ya yi rauni, don kada a ce bai gane ba. Waɗanda suka ɗan ja da baya su ne wasu masana kiɗan gargajiyar Turai, da suka ce waƙar Berghain, wadda ta yi da Björk da Yves Tumor, aron rigar opera ce kawai. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai Rosalía ba baƙuwar karatu ba ce: kiɗan flamenko ta karanta a babbar makarantar kiɗa ta Kataloniya a Barselona, kuma kundinta El Mal Querer na 2018 daga aikin kammala karatunta ya fito.

Masoya kuwa sun yi nasu hukuncin da yatsa. An saurari kundin sosai a ranar farko, amma waƙar da ta fi yawo a TikTok ita ce La Perla, wadda ta yi da ƙungiyar Yahritza y su Esencia. Ita ce mafi sauƙi a kundin: habaici ne ga tsohon masoyi, da amshi mai kama baki. Jama'a sun bar waliyyai a gefe, sun shiga cacar baki kan wa ake yi wa zambo. Wasu kuma sun yi ƙorafi cewa waƙoƙi 15 aka sa a intanet alhali faifan da ake saya yana da 18, kamar an ce mai waya bai cancanci cikakken aiki ba.

A ganina nan ne ainihin rigimar take, tsakanin kundin da na'urar da muke jin sa da ita. Aikina rubuta manhaja ne, kuma na san yadda ake gina waɗannan dandali. Spotify na ƙirga waƙa an saurara idan ta kai daƙiƙa 30, shi ya sa mawaƙa da yawa ke jefa amshi tun farko. Lux ya ƙi bin wannan. Waƙa takan fara da raɗa, ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe, kuma kowace tana jingine da wadda ta gabace ta. Na fara jin sa ta lasifikar waya, rabin sautin ya ɓace mini, na ce an zuzuta shi. Da na zauna da abin sawa a kunne na bi shi daga farko zuwa ƙarshe, kusan minti 50, sai na ji wani kundin daban. Mio Cristo Piange Diamanti, wadda ta rera da Italiyanci, ba za ta taɓa aiki a guntun bidiyo ba, amma a wurinta, ƙarshen babi na farko, tana tsayar da numfashi.

Inda ban yarda da masu yabo ba shi ne batun harsuna. Mu da muka tashi da Larabci a kunne muna da ma'aunin da yawancinsu ba su da shi. Waƙar La Yugular daga tarihin Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta samo asali, sunanta kuma jijiyar wuya yake nufi, abin da zai tuna wa kowane Musulmi ayar Suratu Ƙaf. Waƙa ce mai kyau, cikin mafi kyau a kundin. Amma Larabcin 'yan layuka ne, kuma nauyin waƙar duk a kan Sifaniyancin yake. Haka nake zargin mai jin Japananci ko Yukreniyanci zai ce game da nasa. Ita kanta ta faɗa cewa da Google Translate takan fara, sannan ta kai wa masu fassara su gyara. Ba laifi ba ne, sai dai lambar 13 ta fi amfani a kanun labarai fiye da cikin kunne.

Duk da haka ina ba da shawarar a saurare shi. Mawaƙiya da ke kan ganiyar kasuwa ta zaɓi yin abin da dandali ba ya so, kuma mafi yawan waƙoƙin sun biya wahalar. Masu sharhi sun wuce gona da iri wajen yabon adon, masoya da yawa sun tsinke 'ya'ya ɗaya sun tafi. Idan za ka gwada, ka nemi dare mai shiru da abin sawa a kunne, ka kashe tsarin da ke cakuɗa waƙoƙi, ka bar shi ya tafi a jere kamar yadda ta tsara.